Waiwaye: Barkwancin da ke Tsufa da Wanda Ba Ya Tsufa

A shekarar 1925, Charlie Chaplin ya fito a fim ɗin The Gold Rush, yunwa ta ci ƙarfinsa har ya dafa takalminsa, ya zauna yana ci cikin natsuwa kamar an kawo masa gasasshen nama. Shekara ɗari ke nan, amma ko yaro ka nuna wa wannan wurin sai ya ƙyalƙyale da dariya. Babu ko kalma ɗaya a ciki, kuma kowa ya san yunwa, ya san fafutukar rufa wa kai asiri.

Da sauti ya shigo fina-finai a 1927, sai nauyin barkwanci ya koma kan baki: habaici, wasa da kalmomi, zolayar wanda ke kan mulki. Irin wannan yana da daɗi a ranarsa, amma da zarar an manta wanda ake yi wa habaicin, sai ya zama lami.

Talabijin ya zo da nasa salon. A farkon shekarun 1950 wani injiniyan sauti a Amurka, Charley Douglass, ya ƙera na'urar da ke saka dariyar da aka naɗa a cikin shirye-shirye. Masu kallon wancan lokaci sun saba da ita. Mai kallon yau kuwa yakan ji kamar ana tilasta masa yin dariya ne, musamman in abin da aka faɗa bai kai ya kawo ba.

Amma a ganina, abin da ya fi saurin tsufar da shiri shi ne wanda ake yi wa dariyar. BBC ta nuna The Black and White Minstrel Show daga 1958 zuwa 1978, inda Turawa ke shafa baƙi a fuska suna kwaikwayon baƙar fata, miliyoyin mutane kuma suna kallo. A 2020 wannan ɗabi'a ce ta sa aka cire wani shirin barkwanci na Birtaniya, Little Britain, daga Netflix da manhajar BBC. Shirin bai canja ba, masu kallo ne suka daina ganin abin dariya a cin fuskar wani jinsi.

Shi kuwa Mr Bean, kansa yake jefawa cikin abin kunya, da ƙyar ma yake buɗe baki. Kashi 15 kacal aka yi daga 1990 zuwa 1995, har gobe ana maimaita su a ƙasashen da ba a jin Turanci.