Kamannin kwikwiyo ba sa tabbatar da asalinsa

A ƙauyukan Gaya da Ringim, masu neman karen gadi sun daɗe suna ɗauka cewa kwikwiyo mai manyan ƙafafu da baƙin baya tabbas karen Jamus (wato German Shepherd) ne tsantsa. Wannan kuskure ne, domin a makonnin farko ɗan asali da ruwa-biyu suna kama sosai, kuma kunnuwan karen Jamus kansu sau da yawa ba sa gama miƙewa sai ya kai wata 4 zuwa 6.

Shaidar da za a dogara da ita tana wurin mai kiwo. Amintacce zai kai ka gidansa ka ga karyar tana shayarwa, ya nuna maka uban, sannan ya miƙa maka katin likitan dabbobi mai ɗauke da ranar allurar rigakafi ta farko, wadda ake yi a mako 6 zuwa 8. Ba zai raba kwikwiyo da uwarsa kafin mako 8 ba. Abin yana damuna ƙwarai idan na ga an ɗauko ɗan mako 3 a kwali, idonsa duk kwantsa, domin fabo (parvo), wata cutar karnuka mai sa gudawa, tana kashe irinsu cikin kwanaki. Allurar haukan kare kuwa sai ya kai wata 3.