Waiwaye: Yadda jirgin shira'i ya koma makarantar matasa

Duk Bahaushen Sudan da kakanninsa suka yi hajjin ƙasa ya san sambuk, ko da a labari ne. Shi ne jirgin katakon da ke ɗaukar alhazai daga Sawakin zuwa Jidda, tafiyar wajen kilomita 300, babu inji, sai shira'i, wato babban ƙyallen da iska ke turawa. Abin da ake tuna shi da shi ƙishirwa ne da amai da zaman jiran iska. Shi ya sa idan ka ce wa dattijo yau akwai ƙasashen da uba ke biyan kuɗi a ɗora ɗansa kan jirgin iska don ya sha wuya, dariya zai yi maka.

Abin ya tsiro ne bayan sana'ar jigilar kaya a jirgin iska ta mutu, kuma Bahar Maliyar nan tamu na da hannu a mutuwar. Da aka buɗe mashigin Suwez a 1869, jiragen tururi suka samu gajeriyar hanya tsakanin Turai da Indiya. Manyan jiragen iska ba su amfana ba, domin a arewacin Bahar Maliya iska daga arewa take kaɗawa kusan duk shekara. Sannu a hankali kaya suka koma kan inji. Ita ma Sawakin ba ta tsira ba: mashigarta ta yi wa manyan jirage ƙunci, Turawan mulki suka gina Bur Sudan, aka buɗe ta a 1909.

A lokacin yaƙin duniya na biyu wani mai kamfanin jirage a Ingila, Lawrence Holt, ya lura cewa idan aka nutsar da jirgi mutane suka koma ƙananan kwale-kwale, samari masu ƙarfi ne ke saurin karaya, tsofaffin da suka goge a jirgin iska su jure. Ya haɗa kai da malamin nan Bajamushe, Kurt Hahn, suka kafa makarantar Outward Bound a Aberdyfi ta yankin Wales a 1941. Ba matuƙa kaɗai suke son fitarwa ba, hali suke son ginawa. Jirgin iska ba ya tafiya sai an ja igiya tare, an yi tsaron dare bi da bi, an hau ƙololuwar ginshiƙi ana rawar ƙafa an naɗe ƙyalle. Wanda ya yi barci a lokacin tsaronsa, kowa zai gani a jikinsa.

A 1956 wani lauyan Landan, Bernard Morgan, ya shirya tseren manyan jiragen iska daga Torbay zuwa Lisbon. Bankwana da jiragen iska aka yi niyya, sai abin ya karɓu, har yau ana yi. Ƙa'idar tseren ita ce aƙalla rabin ma'aikatan kowane jirgi su zama 'yan shekara 15 zuwa 25. Koyo a jirgin iska ba wasa ba ne fa: a 1957 guguwa ta kifar da jirgin Jamus mai suna Pamir a tekun Atlantika, cikin mutum 86 shida kawai suka tsira, kuma da yawa daga mamatan yara ne masu koyo.

A ƙasashen Larabawa Oman ce ta rungumi abin da gaske. A 1977 Sultan Qabus ya sayi wani jirgin katako da aka ƙera a Sikotilan a 1971, mai suna Captain Scott, aka mayar da sunansa Shabab Oman, wato matasan Oman. Magajinsa mai tsawon mita 87 ya fara aiki a 2014.

A ganina mu da muke bakin wannan ruwa mun yi sakaci. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 Bur Sudan ta cika da samarin da karatunsu ya tsaya, ga teku a gabansu. Jirgi irin na Oman ya fi ƙarfin aljihunmu, amma sambuk bai fi ba. Har yanzu akwai masassaƙa a gaɓar Sawakin da ke haɗa jirgin katako da hannu, sai dai yawancin abin da suka sassaƙa inji ake ɗaura masa.