Karatu ba gargada: horar da ɗalibai ta manhajojin aji na intanet

Karatu ba gargada shi ne yaro ya karanta rubutu a bayyane daidai, da saurin da ya dace, yana tsayawa inda ya kamata yana ɗaga murya inda aka yi tambaya. Horar da wannan ta intanet kuwa shi ne malam ya tura wa ɗalibi nassi a manhajar aji, ɗalibin ya karanta a gaban waya ko kwamfuta, manhajar ta ɗauki muryarsa ta ƙirga masa kalmomin da ya karanta daidai a minti ɗaya.

Tarihi

Abin ya girmi intanet nesa ba kusa ba. A 1974 wasu masana biyu a jami'ar Minnesota ta Amurka, David LaBerge da Jay Samuels, suka kawo bayanin da har yau a kansa ake tafiya, wato hankalin mai karatu yana da iyaka, in duk ya ƙare wajen haɗa baƙi da wasali to babu abin da zai rage na gane ma'ana, shi ya sa za ka ga yaro ya gama sakin layi da ƙyar ka tambaye shi me ya karanta ya tsaya yana kallonka. A 1979 Samuels ya fito da hanyar maimaita karatu: a ba yaro gajeren nassi ya yi ta nanatawa har ya kai saurin da ake so, sannan a ƙara masa wani. Wanda ya yi makarantar allo ba zai ga wani sabon abu a nan ba, biyawa ce dai da tilawa, sai agogo da aka ƙara.

Ƙirgen kalmomi a minti ɗaya kuma ya samu gindin zama ne da aikin Stanley Deno, shi ma a Minnesota, tsakanin ƙarshen shekarun 1970 zuwa tsakiyar 1980. Lokacin malam ne ke zama da takarda da biro da agogo, yaro ɗaya bayan ɗaya, yana jan layi a kan duk kalmar da aka yi kuskure. Aiki ne mai cin rai in ajin ya cika. A 2000 kwamitin ƙasa kan karatu na Amurka ya sa wannan ƙwarewa cikin ginshiƙai biyar na koyon karatu, daga nan makarantu suka rungumi awon sosai.

Batun na'ura ta saurari yaro kuwa, wajen 1990 Jack Mostow ya fara aikin Project LISTEN a jami'ar Carnegie Mellon, inda kwamfuta ke bin karatun yaro ta taimaka masa in ya maƙale. Ya ɗau shekaru yana matsayin bincike, don muryar yara ta fi ta manya wahalar ganewa ga na'ura.

Shi wannan awo na minti ɗaya ya iso ƙasar Hausa ta gwajin EGRA, wato gwajin auna karatun 'yan ƙananan azuzuwan firamare, wanda cibiyar RTI International ta tsara wa hukumar USAID tun 2006, an kuma yi shi da Hausa a firamaren jihohin Bauchi da Sakkwato. Sai dai a nan mutum ne ke sauraro ba na'ura ba.

Manhajoji

Google ya fitar da manhajar koyon karatu mai suna Bolo a Indiya a 2019, a 2020 aka sauya masa suna zuwa Read Along aka buɗe shi ga ƙasashe sama da 180. Akwai wata 'yar zane a ciki mai suna Diya da ke sauraron yaro, ta gyara masa ta kuma ba shi taurari, kuma in an sauke labaran yana aiki ba data. Daga baya an haɗa shi da Google Classroom, manhajar aji ta Google.

Microsoft kuma ya kawo Reading Progress cikin Teams, manhajarsa ta taro da aji, a 2021. Ɗalibi na ɗaukar kansa yana karatu, manhajar ta yi alama a kan kalmar da ya tsallake, ko ya ƙara, ko ya maimaita, ko ya furta ba daidai ba, malam ya duba ya gyara inda na'urar ta yi kuskure, don tana yi. Reading Coach ya biyo baya a 2022, yana tsamo kalmomin da suka ba yaro wahala ya sake gwadawa.

Saɓani

Wasu malamai na ganin bin ƙirgen kalmomi a minti ɗaya na sa yara gudu a kan rubutu ba fahimta. Akwai kuma ƙorafin na'ura na ɗaukar karin harshe a matsayin kuskure, da tambayar ina muryoyin yaran ke zuwa bayan an ɗauka.