Fom ɗin bayanan ma'aikatan lafiya: wa tarar miliyan 10 za ta hau?

Makon jiya ƙanwata, ungozoma ce a wani ƙaramin asibitin karkara, ta kira ni bayan sallar isha'i muryarta na rawa. An raba musu fom a wurin aiki, ana neman shekarun haihuwa, jinsi, jihar asali, lambar lasisi, makarantar da aka gama da wurin da ake aiki yanzu. Ta ce, "Yaya, a zaurenmu na WhatsApp an ce sunayenmu ake tattarawa don a hana mu fita waje, wanda ya ƙi cikawa kuma tarar miliyan 10 ce a kansa." Ta ninke fom ɗin ta cusa a jakar kayan aiki, kwana huɗu ba ta taɓa shi ba.

Tsoron nata yana da tushe. A watan Afrilun 2023 wani ƙuduri na ɗan majalisa Ganiyu Johnson ya tsallake karatu na biyu a Majalisar Wakilai, yana neman likita ya yi aikin shekara 5 a gida kafin a ba shi cikakken lasisi. Ƙudurin bai zama doka ba. A Fabrairun 2024 kuma hukumar nas-nas da ungozomomi, NMCN, ta fitar da sanarwar cewa sai mutum ya yi aikin shekara 2 kafin a tantance masa takardunsa don aiki a waje, har ma'aikatan jinya suka yi zanga-zanga a Abuja da Legas. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Sai dai waccan magana daban, rijistar ma'aikata da aka raba fom ɗin dominta daban.

Rijistar ma'aikatan lafiya ta ƙasa an ƙaddamar da ita tun 2020 da tallafin Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma ta shafi kowa: likitoci, nas-nas, ungozomomi, masu haɗa magani, ma'aikatan ɗakin gwaji da jami'an lafiya na matakin farko. Amfaninta a san mutum nawa ke aiki, a ina suke, nawa ne suka kusa ritaya. A 2024 Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate ya ce likitoci masu lasisi kusan 55,000 ne a ƙasar, kuma wajen 16,000 sun fice cikin shekara biyar. Mu da ke arewa mun fi kowa buƙatar a ƙirga. Akwai ƙauyukan da maigida ba zai bar matarsa ta je awo ba in namiji ne zai duba ta. In ba a san adadin mata ma'aikata a kowace ƙaramar hukuma ba, da wace hujja za a nemi ƙari? Haka ma ma'aikatan bogi da ke cin albashi ba a taɓa ganinsu a bakin aiki ba, ƙidaya ce ke tona su.

To, batun tara. Adadin nan na miliyan 10 gaskiya yana cikin doka, amma an juya shi ne. Ya fito daga Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023, wadda Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin shekarar. Dokar ta ɗora tara a kan wanda ya karɓi bayanan mutane ya yi sakaci ko ha'inci da su. Manyan masu riƙe bayanai ana iya cin su tarar da ta kai naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsu na shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa. Ƙanana kuma miliyan 2 ko kashi 2 ɗin. Ungozoma mai riƙe da biro a gaban fom ita ce dokar ke karewa, babu inda aka ce ta biya ko sisi. Hukumar NDPC da ke aiwatar da dokar ta riga ta gwada ƙarfinta: a Agustan 2024 ta ci bankin Fidelity tarar naira miliyan 555.8, ko da yake bankin ya musanta laifin.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne maganar amincewa. Wasu sun ji an ce sai da yardarka za a karɓi bayananka, sai suka ɗauka suna iya ƙin ba da komai. Sashe na 25 na dokar ya lissafa amincewa a matsayin hanya ɗaya cikin hanyoyi da dama. Akwai wajibcin da wata doka ta ɗora, akwai aikin da hukuma ke yi don amfanin jama'a. Saboda haka hukumar da ke ba ka lasisi, MDCN ta likitoci ce ko NMCN ko PCN ta masu haɗa magani, tana da hurumin sanin sunanka, shekarunka, takardunka da wurin aikinka. In ka ƙi, abin da zai iya samunka shi ne sabunta lasisinka ya maƙale, kuma aiki ba lasisi laifi ne a dokokin hukumomin.

Amma akwai rukunin bayanan da doka ta keɓe ta kira su masu haɗari: ƙabila, addini, halin lafiyar mutum, ra'ayin siyasa, zama ɗan ƙungiyar ƙwadago, da zanen yatsa da makamantansa. Sashe na 30 ya hana taɓa su sai da amincewarka, ko da wani dalilin da dokar ta lissafa, kamar dokokin aiki, lafiyar al'umma, ko ƙididdigar da ke da madogara a doka. In fom ya tambaye ka addini ko ƙabila, kana da damar ka tambaya a rubuce: don me, wa zai gani, har yaushe za a ajiye? Kana da haƙƙin ganin abin da aka ajiye a kanka, da sa a gyara kuskure. In bayanan suka zube ta hanyar da za ta iya cutar da mutane, dole a sanar da NDPC cikin awa 72.

Abin da bai kwanta min ba shi ne jihar asali. Dokar ba ta ambace ta da suna cikin bayanai masu haɗari ba, alhali a Najeriya wanda ya san jiharka da ƙaramar hukumarka ya kusa sanin ƙabilarka da addininka. Tsarin rabon guraben aiki na sashe na 14(3) na kundin tsarin mulki shi ya sa ake tambaya, na sani, amma nas ɗin da aka haifa a Sabon Gari ta yi shekara 20 tana ɗinke raunukan Kanawa tana da dalilin jin faɗuwar gaba in ta zo layin nan. Kuma ina so in ga ranar da za a hukunta ofishin gwamnati kamar yadda aka hukunta banki, domin na sha ganin fayil-fayil na ma'aikata jibge a baranda, hotuna da lambobin waya a buɗe, iska na kaɗa su.

Ƙanwata ta cika nata ranar Litinin. Na ce ta ɗauki hotonsa a waya kafin ta miƙa, ta rubuta ranar da sunan ofishin da ya karɓa, in wani abu ya taso ta kai ƙorafi NDPC da shaidarta a hannu. Ta tura hoton sashe na 48 zuwa zauren nasu, inda maganar tarar take.