Giris na sandar injin sassaƙa ƙarfe

Giris na sandar inji shi ne man shafawa mai kauri da ake sa wa boris ɗin da ke riƙe sandar juyi a injinan sassaƙa ƙarfe da na huda da na wasawa. Yawancin giris haɗi ne na mai, da wani sabulu da ke riƙe man kamar soso, da 'yan sinadarai masu hana tsatsa. Man ne ya fi yawa, sau tari ya haura kashi 80 cikin 100.

Tarihi

Giris na farko a masana'antu da kitsen dabba da farar ƙasa ake dafa shi. Yana jure ruwa amma ba ya jure zafi. A 1942 Clarence Earle ya yi rajistar giris mai sabulun litiyam a Amurka, kuma shi ne ya mamaye kasuwa. Daga baya aka samu masu man roba, wato man da aka haɗa a masana'anta, waɗanda aka yi domin gudu.

A Kumasi ta ƙasar Ghana zancen yana haɗe da Suame Magazine, mazaunin makanikai da maƙera da ya faro wajen shekarun 1930, ya kuma ɗauko sunansa daga rumbun makaman soja. Wajen 1980 jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi ta buɗe cibiya a can, aka riƙa shigo da tsofaffin injina daga Ingila. Da yawansu sun rabu da littafin bayaninsu tun a hanya. Yaron da ya taso daga zango ya koyi aiki a gareji, giris ɗin taya ya sani, shi zai ɗebo ya cika boris taf, kamar yadda maigidansa ya nuna masa. A mota hakan ba laifi. A sandar inji ɓarna ce.

Zaɓi

Gudu ake fara dubawa. Ana ninka yawan juyi a minti da matsakaicin faɗin boris a milimita: boris mai rami 50 da baya 80 matsakaicinsa 65, in yana juyi 10,000 lissafin ya kai 650,000. Irin wannan gudu yana son man cikin giris ya zama mai sirarar jiki, kaurin da bai wuce 15 zuwa 30 ba a ma'aunin kaurin mai (cSt), a zafin digiri 40. Giris ɗin Isoflex NBU 15 na kamfanin Klüber da LGLT 2 na kamfanin SKF suna cikin wannan aji. Taurin giris kuwa ma'aunin NLGI ke nuna shi, daga 000 zuwa 6, kuma lamba 2 aka fi sa wa sanda. Baƙin giris mai garin molibdinam na manyan motoci ne, ba na sandar inji ba.

Ba a cika boris. Kashi 15 zuwa 30 na sararin cikinsa ya isa; abin da ya wuce haka sai ƙwallayen su yi ta dama shi, sanda ta ɗau zafi, awon aiki ya goce. Bayan an sa, a tayar da inji a hankali, ana ƙara gudu ana taɓa kansa har zafin ya tsaya. Ba a gauraya giris masu sabulu daban, domin haɗin yakan tsinke ya zubo.

Ƙurar hunturu da garin dutsen wasawa suna kashe boris, shi ya sa gwangwanin giris a buɗe ya zama shara.

Saɓani

Masu sana'a sun rabu kan ƙara giris ko wanke boris a sake sabo. Tsofaffin injina da dama ma mai ake zuba musu, ba giris ba, kuma giris yana toshe musu hanyar man.