Zana jadawalin layi a manhajojin lissafi

Jadawalin layi zane ne da ke nuna yadda wani adadi yake hawa ko sauka gwargwadon sauyin wani adadin. Ana sanya ɗigogi a fili mai layin kwance da layin tsaye, sannan a haɗa su da layi. Tsarin layukan nan biyu ana danganta shi da René Descartes na Faransa, wanda ya wallafa aikinsa a 1637. William Playfair, ɗan Sikotland, shi ya yaɗa irin wannan zane a 1786, lokacin da ya yi amfani da shi wajen nuna cinikin Ingila da ƙasashen waje. A yau da manhajar kwamfuta injiniyoyi da ɗaliban kimiyya suke zana shi.

Fitacciya a cikin manhajojin ita ce MATLAB, wadda Cleve Moler ya fara rubutawa a ƙarshen shekarun 1970 a Jami'ar New Mexico ta Amurka, kafin a kafa kamfanin MathWorks a 1984. Sayen ta ake yi. Wanda ba shi da hali yana da GNU Octave ta John W. Eaton, kyauta ce, kuma mafi yawan umarninta iri ɗaya ne da na MATLAB. Masu aiki da Python, wani harshen rubuta manhajar kwamfuta, kuwa suna da Matplotlib, wadda John Hunter ya fitar a 2003, ita ma ta ɗauki salon MATLAB.

Yadda layin yake fitowa

Tushen aikin shi ne umarnin plot(x, y). Ana ba shi jerin lambobi biyu masu tsawo ɗaya, x na layin kwance, y na layin tsaye. In tsawonsu ya bambanta, manhajar za ta ƙi zanawa. Abin da ya kamata mai koyo ya riƙe tun farko shi ne kwamfuta ba ta zana lanƙwasa. Gajerun layuka miƙaƙƙu take ja daga ɗigo zuwa ɗigo. A gwada x = linspace(0, 2*pi, 5), wato lambobi biyar masu tazara ɗaya daga 0 zuwa 2*pi, tare da y = sin(x): ɗigogi biyar ne kacal, ƙimarsu ta y 0, 1, 0, -1, 0, don haka zanen zai fito da kusurwoyi kamar haƙoran zarto. A mai da 5 ɗin ya zama 100, sai ga lanƙwasa sumul, alhali lissafin bai canja ba.

Haka kuma manhajar tana bin ɗigogin ne yadda aka jera mata su. Idan lambobin x a hargitse suke, layin zai riƙa kai da komo yana ƙetare kansa. Inda wata ƙima ta ɓace aka sa NaN, alamar da ke nufin "ba lamba ba", a gurbinta, layin yankewa yake yi a wurin, kuma hakan ya fi a cike gurbin da sifiri, domin sifiri yana nuna an yi awo ne an sami babu.

Ana zaɓar launi da siffar layi da gajerun alamomi: 'r--' jan layi ne mai tsinke-tsinke, 'ko' baƙaƙen da'irori ne ba tare da layi ba. A MATLAB da Octave sabon plot yana share na baya, sai an rubuta hold on kafin layuka biyu su zauna a zane guda.

Lakabi

Nan ne yawancin zane-zane suke gazawa. Umarnin ba su da wuya: xlabel na layin kwance, ylabel na layin tsaye, title na kanun zanen, legend na akwatin da ke bambance layuka, grid on kuma na layukan raga da ke sauƙaƙa karanta ƙima. Wahalar tana wajen abin da za a rubuta. Lakabin da ya ce "zafi" kawai bai wadatar ba, domin 40 a ma'aunin Celsius rana ce mai tsanani, a ma'aunin Fahrenheit kuwa sanyi ne. Dole sunan abin da aka auna ya zo tare da ma'auninsa: lokaci a daƙiƙa, nisa a kilomita. Manhajar lambobi kaɗai ta sani, ba ta san me aka auna ba, saboda haka wannan nauyi yana wuyan mai zanen.

Akwatin legend yana bin tsarin da aka zana layukan, don haka wanda ya juya sunayen ya laƙaba wa kowane layi sunan ɗan'uwansa, kuma manhajar ba za ta yi masa gargaɗi ba. Bai kamata a dogara da launi kaɗai ba, musamman ja da kore, tunda akwai masu wahalar bambance su, ga kuma firinta mai baƙi da fari. A haɗa da siffar layi daban-daban.

Iyakar layin kwance da layin tsaye ita ma manhajar ce ke zaɓa da kanta, kuma ba lallai ta fara daga sifiri ba, abin da kan sa ɗan ƙaramin bambanci ya yi kama da gagarumin sauyi. Ana daidaita wannan da xlim da ylim. Idan lambobin sun tashi daga ɗaya har miliyoyi, umarnin semilogy ko loglog, masu bai wa kowane ninki goma tazara ɗaya, sun fi plot dacewa, domin suna bai wa ƙananan ƙimomi fili su bayyana.