Ma'anar "Kariya" a Takardar Gwajin Kare

Wani ƙanena da ke gadi a wani gida a Lekki ya same ni a Agege ranar Lahadi, da hoton wata takarda a wayarsa. Gadi aka ɗauke shi, amma kamar yadda aka saba a irin waɗannan gidaje, karnukan maigida ma a wuyansa suke: shi ne ba su abinci, shi ne wanka, shi ne kai su wurin likita. Ya ce, "Yaya, duba min nan. Likita ya ce karyar nan kariya ce, kada a sake haɗa ta da wancan karen. To ni kariyar da na sani ai tsari ce. Kuma wallahi lafiyarta lau, ko tari ba ta yi."

Wannan "kariya" ta bakin likitocin dabbobi daga Turanci ta zo, wato "carrier", sunan ne kawai ya yi karo da tamu ta Hausa. Ma'anarta mai ɗauke da cuta: dabbar da ƙwayar wata cutar gado ke kwance a jininta, ita ba ta ciwon, amma tana iya miƙa wa 'ya'yanta.

Mu ba baƙin wannan magana ba ne. Duk wanda ya taɓa kwana a asibiti da yaro mai sikila ya san AA da AS da SS, kuma a 2024 Kano ta mai da gwajin jini kafin aure doka. To kariya a karnuka shi ne AS. Kowane kwikwiyo yana karɓar ƙwayar gado biyu a kan kowace siffa, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Idan duka biyun lafiyayyu ne, takarda za ta ce "kiliya", wato kare ba ya ɗauke da cutar. Idan ɗaya ce mai lahani, lafiyayyar tana rufa mata asiri, shi ne kariya. Sai masu lahani biyu sun haɗu ciwo ke fitowa fili. Shi ya sa in an yi barbara tsakanin kariya da kariya, kowane kwikwiyo yana da kashi 25 cikin 100 na fitowa da ciwon, kashi 50 na zama kariya, kashi 25 na tsira gaba ɗaya. Lissafin na kowane kwikwiyo ne shi kaɗai, don haka haihuwa ɗaya tana iya zuwa ba mara lafiya ko guda, ta gaba ta zo da uku.

Karyar gidan su ƙanena jinsin bigul ce, gajerun karnukan nan masu dogayen kunnuwa da farin bakin wutsiya, waɗanda aka raina a Ingila don farautar zomo. Hancinsu ne darajarsu, har ma'aikatar noma ta Amurka ta fara sa su shinshina kayan matafiya a filin jirgin saman Los Anjeles a 1984. Amma tsare jinsi yana da nasa kuɗin: idan aka daɗe ana haɗa dangi da dangi don kamanni su tsaya, ƙwayoyi masu lahani ma taruwa suke yi.

A cikin kwiyakwiyai shida da ta haifa, ɗaya ya fita daban. Ƙanena ya nuna min bidiyonsa. Yana tafiya a kan yatsu kamar mai sanɗa, ƙafafun a sandare, ba ya iya lanƙwasa su ya kwanta yadda 'yan'uwansa ke yi. Ya ce in ka kama fatar wuyansa ba ta ɗaguwa, a ɗaure take tamkar fatar ganga, goshinsa a baje, idanun kuma sun ɗan ja gefe. Wannan ita ce cutar Musladin-Lueke, wadda ake taƙaitawa MLS. Lahani ne a ƙwayar ADAMTSL2, kuma a 2010 aka wallafa binciken da ya gano ta. Uwa da uba kuwa garau, suna gudu suna haushi. Mukan ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma ga shi nan ya faru, domin abin da ɗa ke gada ya fi abin da ido ke gani a jikin iyayensa.

Akwai wasu da ke bin wannan hanya a jinsin bigul. Lafora nau'in farfaɗiya ce da ba ta cika bayyana ba sai kare ya manyanta, lokacin ya riga ya yi 'ya'ya da jikoki, kuma wannan ce ta fi tayar min da hankali. IGS tana hana hanji tsotse bitamin B12, kwikwiyo ya ƙi girma, sai an riƙa yi masa allurar bitamin ɗin har ƙarshen ransa. NCCD tana taɓa ƙwaƙwalwa, kwikwiyo ya fara tangaɗi tun yana wajen sati uku. Ƙarancin ɗaya daga cikin sinadaran da ke daskarar da jini, wanda ake kira na bakwai, kuma yakan ɓuya sai ranar tiyata ko rauni.

Gwajin ba wahala: likita ya goga tsinke mai auduga a cikin kumatun kare, ko ya ɗebi jini kaɗan, a aika ɗakin gwaji. Sau ɗaya ake yi a rayuwa, tunda ƙwayar gado ba ta canjawa.

Inda ake cutar mutane a Legas shi ne maganar "takarda". Mai sayarwa zai miƙo maka kati ya ce ga takardun kare cif. Ka duba da kyau, yawanci katin allurar rigakafi ne, na haukan kare da fabo (cutar amai da gudawa ta kwiyakwiyai) da maganin tsutsa. Yana da amfani ƙwarai, amma bai ce komai a kan gado ba. Mai kiwon kirki zai nuna maka sakamakon gwajin uwa da na uba, da sunan cutar da aka gwada. Ko shi ma "kiliya" a kan MLS kiliya ce a kan MLS kaɗai. Gocewar ƙashin ƙugu sai an ɗauki hoton ƙashi, ido sai likita ya duba, farfaɗiyar da aka fi gani a bigul kuma sai an bi tarihin dangi.

Maigidan ƙanena ya so ya rabu da karyar da ya ji sakamakon, kuma a ganina bai kyautu ba. Kariya ba mara lafiya ba ce, ba ta kuma yi laifi ba. In aka haɗa ta da kare kiliya, ba kwikwiyon da zai fito da ciwon, sai dai a gwada 'ya'yan kafin su ma a yi musu barbara. Korar duk wani kariya ma illa ce, domin tana ƙara ƙuntata jinsin da dama jininsa ya yi kusa da juna.

Shi kuwa ɗan kwikwiyon, ciwonsa ba shi da magani, amma sandarewar takan tsaya in ya kai wajen shekara guda, kuma da yawansu suna rayuwa. Ba wanda ya saye shi. Ƙanena ya ce ya shimfiɗa masa tsohon bargo a gefen ɗakin gadi, saboda tayil ɗin tsakar gidan yana sa shi zamewa.